Ba Wayarka Ce Ta Lalace Ba, Maigida

Na Allah ne mu, kuma komai tsawon hanyar mutum a wurinSa zai sauke kaya. Da safiyar Laraba, tara ga watan Maris, ina tsugune a barandar wasu mutane a ƙasar da nake ci-rani ina ja musu wayar intanet ta ƙarƙashin ƙofa, Auta, ƙaramar 'yar maigidana, ta kira ni. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Na yi salati, na ajiye abin huda bango, na zauna a kan matakala. Matar gidan ta leƙo ta tambaye ni da yarensu ko lafiya. Na ce mata maigidana ne ya rasu. Ta yi mini jaje irin nasu, ta koma ciki. Ba ni da kalmar da zan bayyana mata abin da muke nufi in mun ce maigida, ban kuma gwada ba.

Zan faɗi abin da ba a saba faɗa a ta'aziyya ba, Maigida, na kuma san iyalinka ba za su ƙullace ni ba, domin abin da ke ransu ke nan. Bayan hawaye, abin da ya sauko mini a ƙirji sauƙi ne. Hamdala na yi. Allah Ya sani ban so rabuwa da kai ba, amma na shafe makonni ina fargabar wata mutuwar da ta fi wannan muni. Kana kwance da shanyewar ɓarin jiki tashar rediyonmu ta kashe talabijin ɗin waya, aikin da ka ƙarar da ƙarfinka a kansa, aka ɓoye maka, aka ce wayarka ce ta lalace. Abin da ya hana ni sukuni shi ne kada ka tafi cikin wannan ƙaryar, kana zargin kanka da laifin da ba naka ba. Allah bai yarda da haka ba. Zan zo kan yadda aka yi, amma sai na fara gaya wa waɗanda ba su san ka ba ko wane ne aka rasa.

Kai ne babban injiniyan gidan rediyon garinmu. Ofishinka na can cikin ginin tasha, da kujera mai juyawa da labule, amma ban taɓa ganin ka zauna a ciki har shayi ya huce ba. Wurin zamanka ɗakin tiransimita ne, na'urar da ke watsa shirye-shirye, a bayan gari, a gindin dogon ƙarfen eriya, inda ƙarar fankoki ke sa mutum ya koyi magana da ƙarfi har a gidansa. Akwai benci guda, da butar ƙarfe, da dardumar salla a bayan babban akwatin na'ura, inda ka ce nan ne kaɗai wurin da ba a jin kiran Darakta. A wannan ɗaki aka kawo ni gabanka ina saurayi, da takardar makaranta da girman kai. Ka dube ni sama da ƙasa, ka ce in sa hannun hagu a aljihu. Na ɗauka raini ne. Ka ce, "Duk sanda za ka taɓa cikin akwatin nan, hannu ɗaya a aljihu. In wuta ta shiga ta hannu biyu, ta zuciya take bi. Ni kuwa ban iya gaya wa uwar mutum ɗanta ya mutu ba." Na ce ai ba haka aka koya mana ba. Ka ce, "To, Ɗan Gardama aka kawo mini." Sunan ya bi ni, har 'ya'yanka suka taso suna zaton shi aka raɗa mini.

Lokacin da tasha ta samu kayan rediyon zamani, irin wanda ke aika murya a dunƙule kamar yadda kwamfuta ke aika saƙo, kowa murnarsa ita ce sauti ya fita tas babu shuuu. Kai kaɗai ka zauna kana lissafin sauran wurin da ya rage a cikin zangon. Wata rana ka buga benci ka ce hanyar da ta ɗauki murya za ta ɗauki hoto, in an matse shi. Ga kuma wayoyi sun fara shigowa kasuwa masu ɗan siririn ƙarfe da ake zarowa daga kusurwa, waɗanda za su iya kama wannan hoton kai tsaye daga iska. Babu kati, babu data, babu ruwanka da kamfanin waya. Ka zaro tsinke, ka kalli labarai.

Manyan tasha suka kasa gane amfaninsa, tunda an fara kallon bidiyo ta intanet. Ina tsaye a bayanka riƙe da jakar kaya ranar da ka yi musu bayani. Ka ce intanet famfon unguwa ne: kowa da bokitinsa, in mutane sun yi yawa ruwa ya koma ɗigo, wanda ba shi da abin biya kuma ya koma gida da bokiti a bushe. Abin da kake son yi ruwan sama ne. Sau ɗaya ake sako shi, ya sauka a kan rufin kowa lokaci guda, ko mutum goma ne ko gari guda, kuma ba ya tambayar mai gida nawa ne a aljihunsa. Darakta na wancan lokaci ya yi dariya ya ce ashe injiniyoyi ma suna wa'azi. Amma ya sa hannu.

Sa hannun shi ne mai sauƙin. Abin da ya biyo baya ƙafa ce ta yi shi. Ka ce na'urar awo ba ta san inda talaka ke zama ba, don haka sai mu taka. Muka riƙa yawo cikin gari, kai a gaba da waya a hannu, tsinke a zare, idonka a kan hoto, ni a baya ina janye ka daga gaban motoci. Ƙarƙashin gada, cikin bas, layin masu gyaran babur, lungun kasuwa inda rufin kwano ya haɗe sama. Duk inda hoto ya tsaya ko ya farfashe, sai ka zaro alli daga aljihu ka yi 'yar alama a bango, mu wuce. Daga baya mu dawo mu nemi rufin da za mu ɗora ƙaramin akwatin da zai ƙara wa sigina ƙarfi a wurin. Mutane suka yi ta hasashe. Wasu suka ce ɓarawon waya kake bi, wasu suka ce ma'aikacin rusau ne kai, wata tsohuwa ta biyo mu da tsumma tana goge allin tana tsine mana. A nan ka samu sunan Baba Mai Tsinke. Ka nuna kamar ba ka so, amma na sha ganin ka waiga in an kira.

Ba zan manta da ɗakin masu karaya na babban asibiti ba. Yana can baya, a ƙasa, bango mai kauri ta ko'ina, hoto ba ya shiga ko kaɗan. Na ce a bar shi, mutum nawa ne a ciki. Ka ce, "Kai da ke da ƙafa ka fita waje ka kama. Su fa?" Ka yi ta zarya wurin hukumar asibiti har suka gaji da ganin fuskarka, suka ba mu saman tankin ruwa. Ranar da aka buga wani babban wasan ƙwallo, sabis ɗin waya ya cushe a gari kaf, masu manyan wayoyi suna ta ɗaga su sama kamar masu roƙon ruwa. Mu kuwa muna tsaye a bakin ƙofar ɗakin nan, mutane kwance da ƙafafu a rataye, kowane gado da waya mai tsinke a kan ƙirji, aka ci ƙwallo ɗakin ya ɗauki ihu gaba ɗaya, har malamar jinya ta fito da gudu. Kai ko sunan ƙungiyoyin ba ka sani ba. Fuskokinsu ka tsaya kallo, sannan ka ce mu tafi, akwai fankar da ke ƙara a tasha.

Alherinka gare ni ba ya lissafuwa. Da mahaifina ya kwanta ciwon ajali, ka karɓi aikina na makonni ba tare da ka gaya wa ofis ba, har hawan ƙarfen eriya, kai da gwiwarka ta riga ta fara ciwo. Da na dawo na zo yin godiya, ka ce in daina ɓata maka lokaci in je in share matatar iska. Haka kake. Ba ka iya karɓar godiya ba, ba ka kuma iya bayar da ita ba.

Tunda gaskiya na zo faɗa, ba zan mayar da kai waliyyi ba, kai ma ba za ka so ba. Kana da taurin kai, kana da kaifin harshe, yaran da suka gudu daga hannunka sun fi waɗanda suka zauna yawa. Iyalinka sun biya kuɗin wannan aiki da rashinka. Matarka Hajiya ta taɓa gaya mini, tana zuba mini abinci kana zaune kana ji, "Ɗan nan, in kana son Malam ya kula ka, to ka lalace. Mai lafiya ba ya gabansa." Ka yi kamar ba ka ji ba. Ta haƙura da kai haƙurin da sai Allah ne zai biya ta.

Ni da kai kuma a kan wannan talabijin ɗin muka saɓa. Na ga kamfanoni sun daina ƙera waya mai tsinke. Na ga data na araha, yara suna son su zaɓi abin da za su kalla da lokacin da za su kalla, ba su jira tasha ta zaɓa musu ba. Na ga manyan da suka yi layi suka yanke ƙyalle ranar buɗewa, aka ɗauke su hoto, su ne suke mayar da takardarmu in mun nemi kayan gyara. Na ce maka jirgin nan nutsewa zai yi. Ka ce ko zai nutse akwai mutane a ciki. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wannan karon yaron ne ya hango, kuma wallahi bai ji daɗin hangen ba. Na tattara na bar ƙasar, zuciyata cike da haushin tasha da masu tasha. Ranar tafiya ka zo tashar mota, ka karɓi jakata ka ɗauka har bakin mota. Da zan shiga ka ce, "Can ma hannu ɗaya a aljihu." Yau ga ni a ƙasar da rana ke fitowa kamar an tilasta mata, ina huda bangon mutane ina shigar musu da famfon da ya kashe ruwan samanka. Shekaru sun tafi, gashi ya yi fari, ban zama komai ba. Ba ƙorafi na zo yi ba, amma ba zan yi ƙaryar cewa tafiyar ta biya ba.

Ka yi ritaya, amma ba ka daina zuwa bayan gari ba. Dogo, wanda ya gaje ni a hawan ƙarfe ya kuma gaje ka a ɗakin tiransimita, ya ce kowane mako sai ka zo ka saurari ƙarar fankoki kamar likita, ka yi masa faɗa, ka sha shayinsa, ka tafi. Masu kallo sun ragu ƙwarai, amma ba su ƙare ba: masu gadi, direbobi, masu jinya, tsofaffin da suka riƙe wayoyinsu da roba da salatif don kada su rabu da labarai. Sai ciwon ya zo ya ɗauke maka ɓarin dama, ya nauyaya maka harshe. Auta, wadda ta bar ɗakin mijinta da aikin koyarwarta ta dawo jinyarka, ita ke jingina maka wayar a jikin matashi kowace safiya, ta zaro tsinken, ka kalli labarai. Ta ce ba labaran kake kallo ba, hoton kake dubawa ko yana rawa.

Wata safiya ta zaro tsinke, allo ya nuna babu sigina. Ta fita tsakar gida ta kira Dogo. Ya ce umarni ne daga sabon Darakta: za a ba wasu gidajen rediyo hayar wurin da hoton ke ci, an ce ya kashe, ya kashe. Likita kuwa ya riga ya gargaɗe su kada wani tashin hankali ya same ka. Sai Hajiya da Auta suka koma ɗaki suka ce maka wayar ce ta tsufa ta lalace. Ka ce a kira maka Dogo. Shi ma, bawan Allah, ya ce, "Tasha lafiya lau, Maigida, hoto na fita tas." Auta ta kwashe sauran tsofaffin wayoyin da ke cikin durowarka ta kai maƙwabta.

Ba na ganin laifinsu, ko kusa. Ƙauna ce ta sa su. Amma sun manta wa suke gaya wa. Da wani tsohon ne, da ya ce Allah Ya kyauta ya juya ya yi barci. Kai an ce maka abu ya lalace, ai an ba ka aiki ne. Ka sa aka ɗauko gwangwanin kayan aikinka daga ƙarƙashin gado. Auta ta kwance bayan wayar, ta riƙe maka gilashin ƙara girma, kai kuma da hannun hagu mai rawa kana bin layukan ciki ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan kusoshi su faɗa cikin zanin gado, a tashe ka a kakkaɓe a nemo. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ka duba ko'ina ba ka ga aibu ba. Lissafinka kuwa a miƙe yake: Dogo ba ya yi maka ƙarya, don haka tasha lafiya take, in tasha lafiya take, wayar ce, in wayar ce kuma ka kasa gano ciwonta, to kanka ne ya tafi tare da hannun. Ka fara faɗin haka a fili. Ka rage cin abinci. Hajiya ta ce ta shigo ta tarar da kai kana karanta lambobin jikin batir da ƙarfi, kana gwada ko har yanzu ka iya karatu.

A nan suka neme ni. Auta ta ce, "Kawu, kai kaɗai ka rage da zai yarda da maganarka. Ka ce masa ka samo irin wayar a can, za ka aiko. Kaya daga can ai suna daɗewa a hanya."

Na ce, "Su daɗe har yaushe, Auta?"

Ni da ita mun san amsar.

Na ce ba zan iya ba, gara a gaya maka. Hajiya ta karɓi wayar. Ban taɓa jin muryarta da zafi haka ba. Ta ce, "Kai kana can ƙarshen duniya, mu muke ƙirga numfashinsa. In ka faɗa masa ya faɗi, jirgi za ka hau ka zo ka ɗaga shi?" Gaskiya ta faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaba kura, baya siyaki: in na faɗa ka tafi a take, ni na kashe musu uba daga nesa, in na bi su, ka ƙarasa kwanakinka kana ganin kanka a matsayin wanda hankalinsa ya gushe. Muka zauna a haka, ba su gaya maka ba, ni kuma ban yi alkawarin waya ba. Duk sanda wayata ta yi ƙara a wurin aiki gabana sai ya faɗi.

Hajiya ce da kanta ta warware. Wata ranar hutu da hantsi ta sa Auta ta kira ni ta bidiyo, ta juya wayar ba tare da ka lura ba. Na gan ka. Ka sa an ɗaure maka sukudireba a hannun dama da tsumma, hannun da ba ya motsi, kana tura shi da na hagu. Hajiya ta fito tsakar gida, ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Faɗa masa, ɗan nan. Ni bakina ba zai iya ba. Abin da Allah Ya rubuta ba ya wuce ranarsa."

Aka kawo ni gabanka. Ka ƙura wa allon ido, ka ce, da harshen nan mai nauyi, "Ɗan Gardama. Ba sa ba ka abinci a can?"

Na ce, "Suna ba ni, Maigida, ba ya zama ne." Sannan na ce, "Maigida, ka ajiye sukudireban nan. Ba wayarka ce ta lalace ba. Tasha ce ta kashe hoton. An kusa wata biyu."

Na shiga karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Ka ce, "Wayar lafiyarta ƙalau ke nan?"

Na ce, "Ƙalau."

Sai rabin bakinka mai motsi ya ɗaga. Dariya kake yi, Maigida. Dariya har da tari, har Hajiya ta kawo ruwa. Ka dube ta ka ce, "Ban gaya miki ba? Na ce babu abin da ya same ta! Ashe kaina na nan." Ka maimaita ya fi a ƙirga, ashe kaina na nan. Mu da muka yi zaton labarin zai kashe ka, sai ga shi ya dawo mana da kai.

Kashewar ba ta dame ka yadda muka zata ba. Ka ce komai na da ranarsa, ai Ɗan Gardama ya faɗa tun tuni, a ba shi lada ya huta. Abin da ya tayar maka da hankali daban ne. Ka ce, "An sanar da mutane?"

Ban sani ba. Auta ta ce ba a sanar ba, kashewa kawai aka yi.

Nan fuskarka ta canza, na ga maigidana na ɗakin tiransimita ya dawo. Ka ce a aikinmu ba a kashe na'ura a kan mutane. Ko gyaran awa guda za a yi, sai an faɗa a iska tukuna, domin wanda ke gida ba ya ganin tasha, akwatinsa kawai yake gani, in ya yi shiru shi zai zarga. Ka ce, "Ni da na gina abin na kwance wayata. Mai gadi fa? Yanzu mutum nawa ne suka kai wayoyinsu wurin mai gyara, ana karɓe musu ɗan abin da suke da shi a kan ciwon da babu? A kira mini Dogo. Ya zo da ƙafarsa."

Dogo ya zo, an ce tun daga zaure yake kuka, ƙaton mutum. Ka bar shi ya gama, sannan ka ce, "Ƙaryar ma ba ka iya ba, sai da ka ce tas. Yaushe hotonmu ya taɓa fita tas da hunturu? Zauna." Ka faɗi sanarwar kalma bayan kalma, Auta na maimaitawa don a tabbatar an ji daidai, Dogo ya kai wa Darakta. Ina da haushin mutumin nan, kuma zan mutu da shi, amma zan ba shi haƙƙinsa: bai ja ba, ya ce a karanta bayan labarai har tsawon mako. Abu ɗaya ya soke, layin ƙarshe na neman afuwa, wai tasha ba ta yi laifi ba.

Washegari aka ajiye maka rediyo a gefen matashi, Auta ta kira ni don in ji tare da ku. Mai karanta labarai, wadda ta fara aiki tun kana tasha, ta gama labarai ta ce: "Tasha na sanar da masu kallon talabijin ta wayar hannu cewa an rufe wannan shiri baki ɗaya. Wayoyinku lafiyarsu lau, kada ku kai su gyara. Mun gode da kuka kasance tare da mu tsawon shekarun nan." Ta ɗan tsaya. Sannan ta ƙara da bakinta, "Ku yafe mana jinkirin sanarwa." Haka ta yi ta faɗa kullum har makon ya ƙare, babu kuma wanda ya iya ce mata don me. Allah Ya saka mata da alheri.

Ka ce Auta ta mayar da bayan wayar ta ɗaure kusoshin duka, kada ta bar ko ɗaya. Ka sa aka mayar da gwangwanin ƙarƙashin gado. Sannan ka ce yunwa kake ji, ka kuma yi ƙorafin gishiri ya yi kaɗan, Hajiya ta ce a ranar ta san mijinta ya dawo. Kwanakin da suka rage maka ka yi su cikin hankalinka da natsuwarka. Ka yi hira da jikoki, ka nemi gafarar Hajiya a gaban 'ya'yanta, abin da ba wanda ya taɓa zaton zai ji daga bakinka. Ranar Laraba bayan ta taimaka maka ka yi sallar asuba, ka ce za ka ɗan kishingiɗa. Da ta dawo da shayi ta tarar ka riga ka tafi, fuskarka a sake.

Ban samu sallarka ba, ban ɗauki makararka ba, ban zuba maka ƙasa ba. Wannan yana cikin abin da baƙunci ke ci wa mutum, kuma na daɗe da sanin zai ci. Dogo ya ce an yi jama'a, da yawa ba wanda ya san su a dangi, sai da aka ga wasu da tsofaffin wayoyi ɗaure da roba a aljihun gaba aka gane ko su wane ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya. Kin yi jinya, kin yi haƙuri, kin kuma yi abin da ya fi duka wuya, kin janye maganarki don mijinki ya samu sauƙi. Ki yafe mini gardamar da na yi miki daga nesa. Auta, babu ɗiyar da za ta yi fiye da abin da kika yi. Kada ki bar shaiɗan ya riƙa tuna miki makonnin nan, mahaifinki ya tafi yana sa miki albarka. Ina yi wa sauran 'ya'ya da jikoki da 'yan'uwa ta'aziyya, da duk wanda ya taɓa zama a kan bencin nan ya sha faɗa ya koyi aiki. Dogo, ka share hawaye, ya yafe maka tun kafin ka zauna.

Allah Ya jiƙanka, Maigida. Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabari, Ya haskaka shi, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Duk majinyacin da ya manta da ciwonsa na ɗan lokaci saboda aikin hannunka, Allah Ya sa a mizaninka. Ya ba iyalinka haƙuri, Ya tsaya musu a bayanka. Mu kuma da muka rage, na gida da na uwa duniya, in tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani, cikin hankalinmu, Ya kuma ba mu wanda zai gaya mana gaskiya a bakin gado.